Na Rufe wa Motar Baba Baki

Zuwa ga mahaifiyata Inna, wadda ta bar mana ɗakinta a Agege shekara biyu da suka wuce, ta koma inda ba a kai saƙo da hannu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗan da ya cire takalmi tun daga bakin ƙofa ya durƙusa, da fatan ƙasa ta yi miki laushi, makwanci ya yi miki faɗi, ina neman izini in yi magana mai ɗan tsawo.

Na sani sarai wasiƙa ba ta isa inda kike. Na kuma sani waɗanda za su karanta ta su ne mutanen nan da suka saba tsayawa a bayana duk mako suna leƙen abin da nake rubutawa, suna jiran in yi tuntuɓe su yi dariya. To su ja baya kaɗan. Yau da uwata nake magana. Wanda ya ga abin dariya a ciki ya yi abarsa ƙasa-ƙasa.

Inna, laifi na kawo miki, kuma ba ɗaya ba. Saura ƙiris in aiko miki da jikarki, takwararki, da aikin hannuna. Kuma a garin hana ta tahowa, na kira sunanki na yanka a tsakiyar titi, da ƙarfi, a gaban direbobin motocin haya na danfo da masu tallar burodi.

Ke shaida ce cewa tun da na buɗe baki ban taɓa furta sunan nan ba. Ranar da aka raɗa wa yarinyar shi, liman ne ya faɗa, ni na sunkuyar da kai ina duban yatsun ƙafata. Takardar makaranta uwarta ke cikewa. Katin asibiti uwarta ke karɓa. Muka ce mata Ummi, aka zauna lafiya shekara bakwai. Ko ƙawar wata ƙanwata mai irin sunan, in ta zo gidan, “baƙuwa” nake ce mata har ta tafi.

Bari in fara daga motar, domin daga can abin ya taso.

Kin san motar Baba. Wa bai san ta ba? Ita ta yi masa jigilar huhun goro tun kafin a yi mini kaciya, ita ta kai shi asibiti tafiyarsa ta ƙarshe, ita kuma na gada a matsayina na ɗa namiji tilo, 'yan'uwana mata suna taya ni murna da wata irin fara'a wadda sai daga baya na gane ma'anarta. Kin tuna ranar da salansarta ta maƙale a kwalbatin ƙofar gida, ta tsinke, ta faɗa kwata. Tun daga ranar motar ta daina tafiya irin ta mota, ta koma tafiya irin ta shela. In na tayar da ita, tantabarun layinmu sukan tashi gaba ɗaya, kuma baƙon da bai saba ba yakan nemi inda zai kwanta.

Sau uku na ce zan gyara, sau uku kika hana. A lokacin yanar ido ta fara rufe miki duniya. Kika ce, “Bar mini ita haka. Da ita nake ganinka.”

Kuma haka ne. Tun ina tsallaka layin dogo kike jiyo ni, ki ɗaga murya daga kan tabarmarki ki ce, “Ga mai ganga nan ya dawo, ku sauke tukunya.” Kafin in kashe inji an riga an zuba tuwo.

In za mu fita da ke, kujerar baya ce taki. Kin san ramin nan da tsatsa ta ci a ƙasan kujerar, wanda mutum zai iya leƙa kwalta ta cikinsa. Ke kika rufe shi da guntuwar tabarmar roba, kika hana a taɓa, wai ta nan iska ke shafa miki ƙafa. Kuma ko ruwa ake tsugawa ba kya yarda a rufe gilashi. “Sauke shi,” kike cewa, “ni ba kifin gwangwani ba ce.” Na ɗauki wannan a matsayin rigimar tsufa. Ni ne fa mai ilimi a gidan.

Abokiyar gabar motar guda ce, wato maƙwabciyarmu Iya Basira mai sayar da eko, agidin Yarbawa. Duk safiya sai ta fito da zani a ƙirji ta yi wa motar wankin baki da Yarbanci, ke kuma ki mayar mata da Yarbancin da ya fi nata kaifi, sannan da hantsi ku zauna ku raba goro guda. Da kika rasu, matar nan ta yi miki kara ta kwana arba'in cif, ba ta ce uffan ba. Ranar arba'in da ɗaya ta fito da zani a ƙirji.

Ni ba ni da bakinki, Inna. Da gaisuwa na yi ta kare kaina har kusan shekara biyu. Amma watan jiya surukarta ta haihu, sai Iya Basira ta zo har zaure, ba zagi ba hargowa, da jaririn a hannu. Ta ce, “Baba Ummi, duba shi. In ka tayar da mota, haka yake yi.” Ta kwaikwayi zaburarsa da kafaɗunta. Zagi ban ji ba, amma wannan na ji. Na yi mata alkawari.

Na tafi Mushin wurin masu kayan gyara, cikin babbar riga, domin a san ba ƙaramin mutum ba ne ya zo. Na nuna wa na farko hoton motar a waya. Ya daɗe yana kallo, sannan ya kira na kusa da shi, shi ma ya kira na kusa da shi, har aka yi taro. Wani ya tambaye ni, cikin ladabi, ko har yanzu tana motsi. Wani ya ce kakansa ya taɓa ba shi labarin irinta. Salansarta dai babu, ba sabuwa ba tsohuwa. Na tattara rigata da abin da ya rage na mutuncina na dawo.

A hanyar dawowa ne shaiɗan ya zauna kusa da ni a danfo cikin siffar bidiyo. Wani bawan Allah a wata ƙasa yana ƙera salansa a bayan gidansa, yana murmushi, kamar mai dama kunu. Na kalla sau biyu. A karo na uku na riga na fi shi sani. Na ce a raina, mutumin da ya shekara ashirin yana gyara wa al'umma tunani a rubuce, bututu ne zai gagare shi?

Ga yadda aka yi, domin tarihi ya adana. Na samo tsohon tulun kashe gobara, jan nan da ake ratayewa a bangon ofisoshi. Na samo bututun ƙarfe mai tsawon kamu uku. Sannan na bi shagunan layinmu na kwashe duk soson ƙarfen wanke tukunya da ke cikinsu, har matan unguwa suka fara taya Maman Ummi murna, wai sun ji za mu buɗe gidan abinci. Dabarar ita ce a huda bututun huji-huji, a naɗe shi da soson, a zura shi cikin tulun, a like baki da gindi. Ƙara in ta shigo sai ta bi hujin nan, ta ɓace a cikin soso, ta fito a ladabce.

Walda kam ban iya ba, wannan na yarda. Sai na nemi Malam Isuhu, dattijon nan mutumin Maraɗi mai rumfar walda a bayan kasuwa, wanda ya yi miki ƙofar ɗaki. Ya jujjuya tulun, ya girgiza shi a kunnensa, ya ce an taɓa yanka irinsa a gabansa da sauran iska a ciki, kuma mai yankan bai sake jin kiran salla da kunnen hagu ba. Saboda haka, lokacin da ya ɗora injin yanka a kai, ni na jagoranci aikin daga bayan katangar makwabta, inda murya take fi fita.

Bai fashe ba. Na fito na karɓi ragamar aiki. Muka huda, muka naɗe, muka cusa, ya like. Abin ya yi kyau, Inna. Har yanzu in na tuna kyansa sai in ji kunya.

Sai aka zo wurin ɗaurawa. Malam Isuhu ya kwanta ƙarƙashin motar ya auna, ya ce dole a ƙara wani bututun daga bayan tulun ya miƙe har ya wuce bambar baya. Ni kuwa na tuna kwalbatin ƙofar gida da ya cinye salansar farko. Na ce a'a. A tsaya nan, daidai tsakiyar mota, inda ciki ya ɗaga, ba abin da zai taɓa shi.

Ya fito daga ƙarƙashi, ya zauna a ƙasa, ya ɗaga baƙin gilashinsa. Ya ce, “Malam, ni dai na hwaɗa maka. Hayaƙi in bai hita baya ba, sama za ya tahi. Mi ke sama?”

Na ba shi amsa mai tsawo. Na yi masa bayanin yadda iska ke gudu ƙarƙashin mota mai tafiya, ta kwashe komai ta yi baya da shi. Har da zane na yi masa a ƙasa da tsinke. Ya dubi zanen, ya dube ni, ya ce, “In tana tahiya ke nan.” Na ce ai mota don tafiya aka yi ta. A Legas na faɗi wannan magana, Inna. Ni da aka haifa a Legas.

Ya ɗaura yadda na ce. Bakin bututun ya tsaya daidai ƙarƙashin kujerarki, kamu ɗaya daga guntuwar tabarmar roba.

Da na murza makulli, sai da na sake murzawa, domin na ɗauka ba ta tashi ba. Ta tashi. Tana numfashi ne kawai, a hankali, kamar kyanwa a kan buhu. Na shigo layinmu ba tantabarar da ta motsa. Iya Basira ta fito, ta kasa kunne, ta ɗaga hannu sama, ta taka rawa har sau biyu a bakin kwata. Mutum ɗaya ce ba ta yi murna ba. Maman Ummi ta tsaya a ƙofa, ta ce, “Abban Ummi, abeg, wannan shirun bai kwanta mini ba. Kamar an shigo da gawa.” Na ce mata ci gaba haka yake, ba ya sallama.

Ranar Asabar da hantsi na ɗauki Ummi zan kai ta wurin ƙanwar uwarta. Ita ta roƙa a tafi da mota, wai tana so ta ji yadda ba a jin ta. Ta haye kujerar baya, wurinki, ta miƙe ƙafa.

Ba mu kai layin dogo ba muka faɗa gosulo, irin wanda direbobi ke kashe inji su fito su sayi gyaɗa. Ni ban kashe ba. Ina tsoron in na kashe ta ƙi tashi, kuma, in faɗi gaskiya, ina son na kusa da ni su lura da shirunta. Sai hadari ya haɗo, aka fara yayyafi. Ga kuma masu fizgen waya da ke bin gosulo suna leƙa tagogi. Na yi abin da kowane uba mai hankali zai yi a wannan gari. Na murɗa gilasai huɗu na rufe ruf.

Kin san bakin takwararki. Tun daga gida take ƙirga danfo, tana ba ni labarin wata 'yar ajinsu da ta haɗiye maɓalli. Can ta ce, “Abba, kaina yana ciwo.” Na ce zafi ne. Ni ma nawa ya fara sarawa, na ɗora wa rashin shan shayi. Jim kaɗan ta ce, “Abba, barci nake ji.”

Na ce mata ta yi barcinta.

Wannan kalmar ce take tashe ni zumbur ko ina cikin mutane. Da bakina na faɗa. Har daɗi na ji, na ce a raina, ka ga amfanin aikin, yau yarinya tana barci a motar da a da ko kurma ba ya iya gyangyaɗi a cikinta.

Ban san tsawon lokacin da ya wuce ba. Fitilun motar gabana sun fara zama huɗu maimakon biyu. Sai na ji ana dukan gilashin baya da tafin hannu. Na ɗauka mai fizgen waya ne, na tura wayata ƙarƙashin cinya, na ƙi juyawa. Aka sake duka, aka zagayo gilashina. Wata mata ce mai tallar burodi, da tire a ka, da leda a kan burodin saboda ruwa. Na yi mata alamar ba na saye. Ta ƙi tafiya. Tana nuna bayana tana ihu.

Na juya. Ummi ta zame daga kan kujera ta faɗa tsakanin kujeru, fuskarta a kan tabarmar robar nan, amai a gefen bakinta, hannu ɗaya a lanƙwashe ƙarƙashinta yadda mai barci ba ya yi.

Na buɗe ƙofa, na faɗi da gwiwa a cikin ruwa. Ƙofar baya, kin san halinta, ba ta buɗuwa sai an ɗaga an ja. Shekara nawa ina buɗe ta da hannu ɗaya, ranar na manta yadda ake yi. Matar nan ce ta dire tirenta a kan kwalta, ta fizge ta. Muka jawo yarinyar waje. Ta yi nauyi, Inna. Ba ta taɓa yi mini nauyi haka ba. Kanta yana lilo.

Na zauna a tsakiyar titi da ita a cinyata ina kiran Ummi, Ummi, Ummi. Wani kwandasta ya fasa ledar ruwan fiya wata ya zuba mata a fuska. Wani yana mata fifita da kwali. Ba motsi. Sai mai burodin ta kama kafaɗata ta girgiza ni, ta ce da Hausar 'yan Agege, “Alaji, ba Ummi ba! Sunanta na gaskiya! Kira sunan da aka yanka mata rago, shi za ta ji!”

Inna, ga abin da ya fi komai ba ni tsoro game da kaina. Na yi jim. 'Yata tana hannuna kamar wankin da aka jiƙa, amma harshena ya tsaya a bakin sunan kamar yadda ƙafata ke tsayawa a bakin ɗakinki. Jim ɗin bai fi ƙiftawar ido biyu ba. Na auna shi sau dubu tun daga ranar, kuma kullum sai ya ƙara tsawo.

Sannan na buɗe baki. Rakiya! Ban san ina da irin wannan muryar ba. Mai burodin ta karɓa. Kwandastan ya karɓa. Wani direban tanka ya leƙo daga sama ya karɓa. Mutanen da ba su taɓa ganinki ba, Yarbawa da Inyamurai da namu, cikin ruwa, suna ta kwarara sunan da na shekara arba'in da shida ina kewaye shi.

Ta yi tari. Ta buɗe ido ɗaya, ta dube ni kamar ba ta san ni ba, ta sake rufewa. Wani mai okada ya ratso ta tsakanin motoci ya ce in hau. Na hau da ita a ƙirjina, ban tambayi sunansa ba, ban waiwayi motar ba, ban yi wa mai burodin godiya ba. Na koma wurin sau uku ban gan ta ba. Abin da na tuna kawai shi ne burodinta a warwatse a cikin ruwa.

A asibiti suka ɗora mata abin shaƙar iska, ni ma suka ɗora mini. Likitar, wata mace mai gilashi, ta tambaye ni inda bututun hayaƙin motar ya ƙare. Na gaya mata. Ta tambaya ko gilasai a rufe suke. Na gaya mata. Ba ta zage ni ba. Ta cire gilashinta ta dube ni kawai, kuma na gwammace zagi. Ta ce mugun da ke cikin hayaƙin mota ba shi da wari ba shi da launi, sa mutum barci yake yi. Ta ce yarinyar ta tsallake, amma mu sa mata ido na 'yan makonni, domin wani lokaci sai an ɗauka an gama sannan ya taɓa ƙwaƙwalwa. In muka ga mantuwa, ko tangaɗi, ko sauyin hali, mu dawo da ita da gudu.

A cikin waɗannan makonni nake rubuto miki. Kwana goma sha ɗaya ke nan.

Na zama abin tausayi a gidana. Kullum da yamma sai na tsare ta na yi mata jarrabawa: ta karanto Fatiha, ta ƙirga daga ashirin zuwa ɗaya, ta faɗi sunan malamarsu. Shekaranjiya ta ce, “Abba, jiya ma ka tambaye ni. Anya ba kai ne kake mantuwa ba?” In ta kwanta barcin rana sai in sa yatsa ƙarƙashin hancinta, in zauna ina ƙirga tashin ƙirjinta har sai ta farka ta same ni a kanta. Ranar Talata ta nemi takalminta ɗaya ta rasa, na riga na sa hula zan nemo okada, sai uwarta ta tare ƙofa ta ce, “Tun da ta fara sa takalmi take ɓatar da shi. Zauna, kar ka haukata mana yarinya.” Na zauna. Amma ban cire hular ba sai da aka ga takalmin.

Maman Ummi ba ta ce mini “ai na faɗa maka” ba. Malam Isuhu ma bai ce ba. Shi ya raka ni muka jawo motar daga inda 'yan unguwar suka tura ta gefe. Abin da ya ce kawai shi ne, “Alhamdu lillahi, Malam. Kawo in yanke.” Ya yanke tulun, ya like ramin ƙasan kujera da sabon ƙarfe, ya ja bututu har ya wuce bamba da kamu guda. Kwalbatin kuma muka zuba masa siminti ya yi gangare, aikin da bai ci mana rabin yini ba, wanda da na yi shi tun farko da ban rubuta wannan wasiƙa ba. Ya ce yanzu ana iya mayar da tulun a ƙarshen bututun ba tare da haɗari ba. Na ce ko kallonsa ba na son yi. Tabarmarki ta roba na wanke na ajiye a ɗakinki.

Saura Iya Basira da alkawarin da na yi mata. Ina ta shirya jawabin ban haƙuri, sai ga ta ta shigo duba Ummi da eko a ganye. Ta shafa kan yarinyar, ta juyo gare ni, ta ce, “Baba Ummi, mayar da ƙarar. Jariri zai saba, ubansa ma a cikinta ya girma. Kullum in kun fita ina zagin motar nan, ina cewa Allah ya kai ku lafiya ku daɗe ba ku dawo ba. Ranar nan ban ji fitarku ba. Ban yi ba.” Sai ta ja bakin zaninta ta rufe fuska. Kin bar mana maƙwabciya, Inna.

Jiya da la'asar na ɗauko motar daga rumfar Malam Isuhu, ni kaɗai, gilasai huɗu a sauke. Ta dawo da muryarta har da ƙari, domin dogon bututu ya ba ta wani amo irin na kakaki. Tantabaru suka tashi. Na shigo gida ina shirin jarrabawar yamma, sai na tarar an zuba tuwo, Maman Ummi tana tsaye a bakin murhu tana dariya tana share ido da bayan hannu.

Ta ce tun ina wajen layin dogo, takwararki tana zaune a bakin ɗakinki tana yi wa 'yar tsanarta kitso, sai ta ɗaga kai, ta kasa kunne, ta ce, “Ga mai ganga nan ya dawo, ku sauke tukunya.”

Shekararta biyar lokacin da ta ji wannan magana daga bakinki karo na ƙarshe. Ba wanda ya sake faɗarta a gidan nan tun ranar da aka fita da ke. Na tsaya da makulli a hannu. Ban yi mata jarrabawa ba jiya. Makonnin likita ba su ƙare ba, tsoron bai sake ni ba, kuma na san gobe da rana zan sake kai yatsa ƙarƙashin hancinta. Amma jiya na ci tuwo har na nemi ƙari.

Ki yafe mini sunan, Inna, na titi da na takardar nan. Ki kuma yafe mini wannan da zan ƙara: in ranar ta sake dawowa, Allah kada ya maimaita, ba zan yi jim ba.

Ya Allah ka jiƙan Inna da Baba, ka haskaka makwancinsu, ka sa iskar Aljanna ta riƙa shafa musu ƙafa. Ka bar mana takwararta da hankalinta da surutunta, ka sa ta ga jikokinta. Ka saka wa mai burodin nan da mai okadan nan da abin da ni ban iya ba su ba. Ni kuma ka raba ni da sanin da ba a tambaye ni ba, ka ba ni kunnen jin dattijo in ya ɗaga gilashinsa ya yi magana. Amin.

Ki huta lafiya. In kin jiyo wata ƙara daga wajen layin dogo, mu ne, kuma gilashi a sauke yake.

Ɗanki mai ganga,
Abban Ummi
Agege